Rajistar Inshorar Lafiya Ta Samar Da Sabuwar Sana'a A Nguru Da Gashuwa

Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama matattarar fataken fatu da ƙaro da dabbobi, yayin da Gashuwa, hedkwatar masarautar Bade, ta shahara da kifi da shinkafar bakin Kogin Yobe. A yau wata sana'a ta daban tana bunƙasa a garuruwan biyu, wato taimaka wa jama'a yin rajistar ayyukan lafiya ta intanet.

Dalili kuwa shi ne sauyin dokoki. A watan Mayun 2022 aka sanya hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin shirin NHIS na 1999, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya. Dokar ta ɗora wa duk mai ma'aikata biyar zuwa sama nauyin yi musu rajista. Jihar Yobe ma tana da hukumarta ta kiwon lafiya ta hanyar karo-karo, YSCHMA.

Sai dai rajistar ta tashi daga takarda ta koma kwamfuta. Ana bukatar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar waya, da hoto. Wannan ne ya sa masu shagunan kwamfuta, waɗanda suka saba cike wa ɗalibai takardun jarrabawar JAMB, suka sami sababbin abokan ciniki daga cikin 'yan kasuwa da manoma da masunta waɗanda ba su yi karatun boko ba.

Lamarin ya shafi jari kai tsaye. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. A Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a, jinyar mutum guda kan cinye jarin gida baki ɗaya, a sayar da shanu, a jinginar da gona. Ko da inshora ba ta ɗauke dukkan nauyin ba, takan rage shi ƙwarai.

Amma sana'ar tana da nata haɗarin. Harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin sunan da ke kan NIN da wanda aka shigar yana iya jinkirta wa majinyaci magani ranar da ya isa asibiti, ko da kuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ce. Haka kuma idan mai shago ya sa lambar wayarsa a madadin ta mai rajista, ko ya riƙe lambar sirri, to mabuɗin asusun ya koma hannunsa.

Saboda haka ya kamata mai rajista ya sa a karanta masa abin da aka rubuta kafin a aika, ya tabbatar lambar wayarsa aka sa, ya biya kuɗi ta asusun hukuma kaɗai, ya kuma karɓi rasit. Shi ma mai shago, amana ita ce babban jarinsa, domin a kasuwannin Nguru da Gashuwa labarin wanda ya ci amana ba ya kwana.