Yadda muke mayar da darasin kwamfuta bidiyo a faifan DVD

Ƴan uwa makiyaya, da yawa cikinku sun nemi darasin nan na PPR, annobar awaki da tumaki, wanda na nuna a yankin Dakoro. Darasin a PowerPoint yake, kuma ba kowace ƙungiya ke da kwamfuta ba. Amma tele da na'urar DVD ba su da wuyar samu a gidan kallo, shi ya sa muke mayar da shi bidiyo.

Da farko nakan naɗi murya da Hausa a kan kowane shafi, don wanda bai yi boko ba ya ji bayanin hoto: majina a hanci, gyambo a baki, zawo. Shafin alamomin cuta nakan bar shi ya daɗe sosai, har dattijo ya ce ai haka akuyarsa ta yi bara. Rubutu kuwa manya, nesa da gefe, domin tsohuwar tele tana yanke gefuna.

Tun PowerPoint na 2010 akwai wurin fitar da bidiyo. Nan ne na yi kuskure karon farko. Na kwafi fayil ɗin kai tsaye a faifai, muka je taro, na'ura ta ƙi karantawa, jama'a suka watse ba a faɗi ranar allura ba. Sai an bi ta manhaja irin DVDStyler, wadda kyauta ce, a zaɓi tsarin PAL, sannan a zuba a faifai. Faifai mai 4.7 GB yakan ɗauki kusan awa 2.

Duk ƙungiyar da ta karɓi faifai, ta gwada shi a na'urar garinku kafin ranar taro.