Masu Kula Da Lafiyar Injinan Ƙera Motoci

'Yan'uwa mata, a manyan masana'antun ƙera motoci na Amurka da Jamus da Japan, injina masu sarrafa kansu ne ke yin walda da fenti. Kamfanin General Motors ne ya fara sa irinsu aiki a shekarar 1961. To, amma inji bai san ciwon kansa ba, sai da injiniya mai kula da shi.

A layi ɗaya ake harhaɗa motocin, wata na bin wata. In inji guda ya cije, duk layin ya tsaya cik, ma'aikata su zauna, kamfani ya yi ta hasara. Don haka injiniya ba ta jira sai abu ya lalace. Kullum tana sauraron ƙarar inji, tana auna zafinsa, tana duba kwamfutar da ke ba shi umarni. Rigakafi ya fi magani. Kafin ta taɓa shi kuwa, sai ta kashe wuta, ta sa kwaɗo, ta riƙe mabuɗin, kada wani ya kunna ta halaka.

Aikin na natsuwa ne da ilmi, ba na ƙarfi ba, ko da yake akwai kwanan aiki, wanda sai da fahimtar maigida. Mary Barra injiniyar lantarki ce, ta shiga General Motors a 1980 tana ɗaliba, ta zama shugabarsa a 2014.

'Yan makaranta, ku riƙe lissafi da kimiyya. Iyaye mata, a bar su su yi karatu. Allah ya taimaka.