Tsarin Asali na Rajista da Izinin Shiga a Manhajar xinetd

A kan uwar garke mai aiki da Linux, ba kowace hidima ce ke zaune tana jiran masu buƙata da kanta ba. Manhajar xinetd, wadda ta gaji inetd na tsarin BSD, ita ce mai gadin: tana sauraron ƙofofin sadarwa, sai buƙata ta iso sannan ta tayar da hidimar da ta dace, kamar telnet ko tftp. Umarnin da take bi yana cikin fayil ɗin /etc/xinetd.conf, a sashen defaults. Abin da aka rubuta a nan ya hau kan kowace hidima, sai dai in fayil ɗinta na cikin /etc/xinetd.d ya zo da wani hukunci dabam.

Ta fuskar rajista, log_type ne ke fayyace inda za a adana bayanai, ko a miƙa su ga syslog ko a zuba su cikin fayil na musamman. log_on_success na tsara abin da za a rubuta idan haɗi ya yi nasara, kamar HOST, wato adireshin baƙo, da DURATION, tsawon zamansa. log_on_failure kuwa na kula da waɗanda aka kora. A nan ne kuskure ya fi yawa. Idan mai kula da na'ura ya sa alamar = a fayil ɗin wata hidima, ya shafe abin da defaults ya tanada gaba ɗaya; alamar += ce ke ƙari a kai. Sau da yawa ba a farga sai ranar da aka yi kutse, aka duba rajista aka tarar babu adireshin mai kutsen.

Izinin shiga yana hannun only_from da no_access. In ba a rubuta ko ɗaya ba, ƙofa a buɗe take ga kowa. In kuma adireshi ya faɗa ƙarƙashin duka biyun, wanda ya fi keɓance shi ne ke rinjaye: a ba 192.168.1.0 izini, a hana 192.168.1.15, to wannan na'ura ɗaya ce kawai za a kora.

Sauran iyakoki ne. A tsarin Red Hat, instances na tsayawa a 50, per_source a 10, yayin da cps = 50 10 ke dakatar da hidima na daƙiƙa 10 idan haɗi ya wuce 50 cikin daƙiƙa guda. Gyaran ba ya aiki sai an aika wa xinetd siginar SIGHUP ta sake karanta fayil ɗin.