Ƙoƙon Kan da Aka Tono a Hamadar Chadi

Yaro ya komo daga makaranta, ana cin tuwon dare sai ya ce, "Baba, malam ya ce an sami ƙasusuwan kakanninmu na shekara miliyoyi. To, ina labarin Adamu?" Da yawa cikinmu tsawa za mu yi masa. Amma tsawa ba ta kashe tambaya, sai dai ta kai yaro wurin wani mai amsawa. Gara mu san zancen tukuna.

A watan Yuli na 2001, wani ɗan Chadi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, yana aiki da ƙungiyar masanin Faransa Michel Brunet, ya tsinci wani ƙoƙon kai a hamadar Djurab, arewacin Chadi. Aka sa masa suna Toumaï, wato "begen rai" da harshen Gorane. Masana sun ƙiyasta shekarunsa wajen miliyan 7. Tare da shi an sami ƙasusuwan kifi da kada da dorina, shaidar cewa wurin da yake rairayi yau, dā bakin tafki ne.

Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce kamar ta biri. Amma ramin da ke ƙarƙashin ƙoƙon, inda kai yake haɗuwa da ƙashin baya, ya matso gaba kamar namu. Saboda haka waɗansu masana suka ce a tsaye yake tafiya. Waɗansu kuwa ba su yarda ba, har yanzu ana muhawara. Haka aikin kimiyya yake: a auna, a gwada, a gyara.

To, me za mu ce wa yaron? Mu gaya masa gaskiya. Masu bi ba su zama baki ɗaya a kan kwanaki shida na Littafin Farawa ba. Waɗansu sun ɗauke su kwanaki irin namu, waɗansu kuwa dogayen zamanai. Tun kafin mutuwarsa a shekara ta 430, Augustine, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya gargaɗi Kirista kada su yi maganar jahilci a kan halitta, don kada a raina Littafi Mai Tsarki saboda su.

Ma'aunin masana yana iya faɗin tsufan ƙashi. Ba ya iya faɗin dalilin da ya sa mutum yake jin kunyar zunubi, ko yake neman Mahaliccinsa. Wannan kuwa Farawa ta bayyana shi: Allah ne ya yi mu, cikin kamanninsa.

Saboda haka, iyaye, in tambayar ta zo, a ajiye bulala. Mu buɗe littafin makaranta da Littafi Mai Tsarki tare da yaron. Mai tambaya ba ya ɓata, kuma gaskiya duka ta Ubangiji ce.