Gauraya Aji da Intanet wajen Koyar da Ingilishi ga Ɗaliban Kimiyyar Laburare

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da gaurayen koyarwa shi ne a raba kwas gida biyu: wani sashe malami da ɗalibai su haɗu a aji ido da ido, wani sashe kuma ɗalibi ya yi shi ta waya ko kwamfuta a lokacin da ya samu. Manhajar Moodle, wadda Martin Dougiamas ya fitar a 2002, ita ce aka fi sani wajen wannan aiki. Amma a wurinmu abin bai kankama ba sai 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, ga kuma yajin aikin ASUU daga Maris zuwa Disamba. Malamai da dama sun koma tura darasi ta WhatsApp. Wannan takarda za ta duba wane sashe na Ingilishin ɗalibin laburare ya dace da waya, wane ne kuma bai kamata ya bar aji ba.

2.0 Wane Irin Ingilishi?

Tun 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke horar da ma'aikatan laburare. Ɗalibin wannan fanni, kamar kowane ɗan aji ɗaya, yana ɗaukar kwas ɗin Ingilishi na bai-ɗaya tare da ɗaruruwan ɗalibai na wasu sassa. A can ana koyon nahawu da rubutun insha'i da taƙaita bayani. Duk suna da amfani, sai dai ba su ne Ingilishin da zai ci abinci da shi ba.

Kayan aikinsa da Ingilishi aka ƙera su: tsarin Dewey da ya fara fitowa a 1876, da tsarin Laburaren Majalisar Amurka tare da jerin kanun batutuwansa, da ƙa'idojin katalog na AACR2 na 1978, waɗanda RDA ta gada daga 2010. Wannan Ingilishi ne mai ƙayyadaddun kalmomi. Ba a yarda mai katalog ya zaɓi kalmar da ta yi masa daɗi ba, sai wadda jerin ya amince da ita.

Haka abin yake har a ƙasashe rainon Faransa. Yaron da ya tashi a zangon Sokode ko Dapaong a Togo, ko a Aouda da ke kan babbar hanyar Lome zuwa arewa, da Faransanci ya yi boko, Ingilishi darasi ne kawai a jadawalinsa. Idan ya wuce Jami'ar Kara, wadda ta buɗe a 2004, ya nemi horon laburare a makarantar EBAD ta Dakar, wadda ke koyarwa daga nesa tun farkon shekarun 2000, zai yi aiki da jerin RAMEAU. To, shi RAMEAU daga jerin Jami'ar Laval ta Kanada aka tsiro da shi, na Laval kuwa daga na Amurka. Ashe ko ta ina aka bi, Ingilishi na ƙarƙashi.

3.0 Rabon Aiki

Abin da ke buƙatar maimaici, waya ta fi aji iya shi. Haddace kalmomin sana'a, da gane taƙaitattun kalmomi na shafin katalog, da cika gurbi a jimla, duk ɗalibi zai iya yi sau goma a ɗakinsa, manhaja ta nuna masa kuskurensa nan take. Babu malamin da zai duba irin wannan aiki ga aji mai cike da mutane kowane mako. Sharaɗi ɗaya ne: darasin ya zama mara nauyi. Rubutu da gajeren saƙon murya sun fi bidiyo, domin ɗalibi da kuɗin abincinsa yake sayen data, kuma wuta ba kullum take zuwa ba.

Akwai kuma aikin da, a ganina, kuskure ne a miƙa shi ga waya, wato yanke hukunci a kan abin da littafi ya ƙunsa. Mu ɗauki kalmar "waƙa". Bahaushe da ita yake kiran aikin Aƙilu Aliyu, da ita kuma yake kiran aikin Mamman Shata. Ingilishi ya raba su: jerin Amurka yana da "Hausa poetry", yana kuma da "Songs, Hausa". A tsarin Dewey na farko zai tafi 893.72, wurin adabin Hausa, na biyu kuwa yana iya faɗawa rukunin 780, wurin kiɗa. Tsakanin kantocin nan biyu akwai tafiya a babban laburare. Ina kuma za a kai Infiraji na Aliyu Namangi, wanda rubutacciyar waƙa ce amma mutane da yawa a bakin masu rerawa suka san ta? Tambayar zaɓi-ɗaya a manhaja ba za ta koyar da wannan ba. Sai an ajiye littafin a tebur, ɗalibai sun juya shi, wani ya kare ra'ayinsa da Ingilishi, wani ya ƙalubalance shi, malami yana gyara harshe da tunani a lokaci guda.

Na taɓa shafe kusan mako ina neman wani nazari kan waƙoƙin makaɗan fada a wani laburare. Daga baya na tsince shi cikin littattafan tarihin sarauta, domin wanda ya yi masa katalog ya ga sunan sarki a bango ya tsaya nan. Littafin yana cikin ginin, amma ga mai nazarin waƙa kamar ba a saye shi ba.

Saboda haka idan kwas yana da awa biyu a mako, shawarata ita ce a kwashe atisaye duka a kai waya, a bar awannin aji ga littattafai na gaske. Kuma ya kamata malamin Hausa ya riƙa shiga wannan aji ko da sau biyu ne a zango, ya zo da littattafan sashensa a hannu, tunda shi da ɗalibansa ne za su zo neman su a kanta gobe.