Melvinia: baiwar da aka tsinci sunanta a takardar rabon gado

A shekarar 1850, wani mai gonaki a Karolina ta Kudu, a ƙasar Amurka, mai suna David Patterson ya rubuta wasiyya. Ya jera dukiyarsa: shanu, kayan noma, kayan kaɗi, mayafan teburi, da bayi. A cikin bayin akwai wata yarinya 'yar shekara shida da ake kira Melvinia. Da ya rasu a 1852, masu ƙiyasin gado suka yi mata kuɗi dala 475. Wannan yarinya ita ce kakar kakan mahaifiyar Michelle Obama, kuma har Michelle ta shiga Fadar White House a 2009 ba ta san labarinta ba.

Wata mai binciken salsala, Megan Smolenyak, ita ta bi sawun yarinyar, tare da 'yan jaridar New York Times, Rachel Swarns da Jodi Kantor. Labarin ya fito a watan Oktoban 2009. Hanyar da suka bi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce hanyar duk mai neman kakanninsa a takarda.

Ba daga sama ake farawa ba. Daga wanda aka sani ake farawa, a riƙa komawa baya ɗaki bayan ɗaki: Marian, mahaifiyar Michelle, mahaifinta Purnell Shields, nasa mahaifin Robert Lee, sai Dolphus Shields, ɗan Melvinia. Abin da ke sa wannan ya yiwu shi ne ƙidayar jama'a. Tun 1790 Amurka ke ƙidaya duk shekara goma, kuma dokarsu ta ce bayan shekara 72 a buɗe takardun kowa ya gani. Shi ya sa aka saki na 1950 a watan Afrilun 2022. A shafi guda mutum zai ga maigida da iyalinsa, shekarunsu, sana'arsu, jihar da aka haife su, da maƙwabtansu a jere yadda ma'aikacin ƙidaya ya bi gida-gida. Giɓi ɗaya babba shi ne na 1890, wanda gobara ta lalata yawancinsa a birnin Washinton a 1921.

To amma ga Baƙar fata, hanyar takan toshe a 1870. Ita ce ƙidaya ta farko bayan soke bauta a 1865, kuma a nan ne aka fara rubuta sunayen mutum kusan miliyan huɗu da a da ake lissafa su cikin dukiya. A 1850 da 1860 an ƙidaya bayi, amma a takarda ta daban: sunan ubangida a sama, a ƙarƙashi kuwa shekaru, jinsi da launin fata kawai. Mace, shekara goma sha biyar, baƙa. Shi ke nan. Mai bincike zai iya kallon layin kakarsa ido da ido bai san ita ce ba.

A nan ne abin ke da ciwo. Hukumar ƙasa ba ta ga dalilin rubuta sunan Melvinia ba. Kotun gado ce ta rubuta, don kada magada su yi rigima a kanta. Saboda haka mai neman kakan da ya yi bauta dole ya koma ya binciki gidan da ya mallake shi: wasiyyoyi, takardun ciniki, lissafin haraji. Ta haka aka gano cewa bayan mutuwar Patterson an kai Melvinia Jojiya, gidan Henry Shields, a wata gona kusa da Rex, kudu da Atlanta. Tana 'yar shekara takwas aka raba ta da duk wanda ta sani. Wajen 1860, tana da kimanin shekara goma sha biyar, ta haifi Dolphus.

Takardar 1870 ta nuna ta da 'ya'ya huɗu, uku an rubuta su a matsayin ruwa biyu. Kusa da ita akwai gidan Charles Shields, ɗan tsohon ubangidanta. Ƙwararrun masu wannan aiki ba sa tsayawa a layin wanda suke nema. Sukan karanta gidajen da ke sama da ƙasa, domin maƙwabtaka kan tona abin da aka ɓoye. Duk da haka takarda ba ta faɗi uban Dolphus ba. Sai daga baya, da Swarns ta faɗaɗa binciken ya zama littafi a 2012, aka gwada ƙwayoyin halittar zuriyar ɓangarorin biyu, sakamakon ya karkata ga Charles. Yarinyar da doka ta mayar dukiya ba ta da bakin cewa a'a, kuma bai kamata a lulluɓe wannan da daɗin baki ba.

Dolphus ya koma Birmingham a jihar Alabama, ya zama kafinta, ya mallaki gidansa, ya rasu a 1950. Melvinia kuwa ta ƙarasa rayuwarta a Kingston da ke Jojiya tana ungozoma, mutane na kiranta Mattie McGruder. Sauyin suna irin wannan kan ɓatar da mai bincike, haka ma shekarun haihuwa da ke sauyawa daga ƙidaya zuwa ƙidaya, tunda ma'aikaci abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Wanda ya ɗauki takarda ɗaya ya gina tarihi a kanta ya yi garaje. Abin da ya nuna wace ce Melvinia a idon mutane, wato matan da ta karɓi haihuwarsu da yadda ake girmama ta, daga bakin tsofaffin garin aka ji shi. Ta rasu a 1938, kuma a takardar mutuwarta, wajen sunan iyaye, an nuna ba a san su ba. Nan sawun ya tsaya.

Mu a nan Najeriya ba mu da ɗakin da za ka shiga ka buɗe shafin gidan kakanka na shekara ɗari baya. Ƙidayar Najeriya ta ƙarshe ita ce ta 2006, kuma alƙaluma ne ke isowa hannun jama'a, ba sunaye ba. Akwai takardun haraji da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, amma yawancin tarihin gidajenmu yana bakin tsofaffi ne, musamman mata. Duk wanda ke da kaka a raye, ya zauna da ita a wannan makon, ya kunna rikodar wayarsa, ya tambaye ta sunan mahaifiyarta da na kakarta, garin da suka taso, da dalilin tasowarsu. Ya rubuta, ya raba wa 'yan'uwa.