Kafin ka aika kuɗin tarakta gida

Duk wanda ya san ƙauyukanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno har Damazin, ya san tsohuwar jar Massey Ferguson. Tana hayaƙi, tana tari, amma in ta tsaya, makanike da sufana da guduma yakan tashe ta kafin la'asar. Abin da babu a shago, a ciro daga wata matacciya.

Manyan taraktocin zamani fa? Kwamfuta ke sarrafa injinsu. In ta ga matsala sai ta rage ƙarfi ko ta ƙi tashi, kuma manhajar buɗe ta tana hannun wakilin kamfani. Manoman Amurka sun daɗe suna wannan rigima. A 2023 jihar Colorado ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni ba manomi kayan gyara da manhaja, a Janairun 2025 kuma hukumar FTC ta maka John Deere a kotu.

Mu abin ya zo mana a mugun lokaci. Daga Disambar 2023 da RSF ta kama Wad Madani zuwa Janairun 2025 da sojoji suka karɓe ta, an kwashe injuna masu yawa, yanzu kuwa kuɗinku na fatauci ake jira a sayi wasu.

Ni dai shawarata, ɗan'uwa, kafin ka biya ka tambayi makaniken garinku ko zai iya buɗe ta, kuma ina ake samun famfon manta. Shukar dawa da riɗi 'yan makonni ne a damina, wakilin kamfani kuwa sai ya taso daga birni.